Ɗanyen Taki a Gonar Bayan Gida

"Ni dai Inna, ki yi wa ɗanki magana. Buhu shida na masara na sani a ɗakin ajiya, yau na je ɗiba na tarar da kwaɗo a ƙofa. Kwaɗo fa, Inna! A gidan ubanmu! Ni ne ɓarawon ko kajina?"

Auta ke nan. Ina tsugune ina wanke kwanukan safe ya zo ya tsaya a kaina da kiret ɗin ƙwai a hannu, yana magana kiret ɗin yana rawa. Ni kuwa idona na kan ƙwan.

"Ajiye wannan tukuna," na ce masa, "kada ka haɗa mana asara biyu."

'Ya'ya maza biyu Allah ya bar mini. Babban, kowa Yaya yake ce masa, har ni da na haife shi bakina ya saba. Shi ya gaji fartanyar babansu. Gona biyu gare mu: babba can nesa, sai an hau babur, da ƙarama nan bayan katangar gida. Auta kuwa tun yana yaro ba ya shiri da rana, sai ya kama kiwon kajin ƙwai, guda ɗari uku a keji, cikin rumfar da ya kafa a gefen gida. Tun rasuwar babansu tsarinmu ɗaya ne, kuma ba wanda ya zauna ya tsara shi. Masara ta shigo, mu ci, Auta ya ɗebi ta kaji ya niƙa ya haɗa musu. Ƙwai ya fito, a sayar, a yi cefane, a sayi sabulu da maganin yara. Cuɗe ni in cuɗe ka. Shekara bakwai muna haka, ko tari ba wanda ya yi wa wani.

Bana ne kaya suka yi tashin gwauron zabi. Taki ya tashi, hatsi ya bi shi, dusa ma da muke ba maƙwabta kyauta ta zama abin aunawa. Tunkiyata da nake taƙama da ita tun kafin ruwa ya sauka na sayar, don cikinta ya fi ƙarfin hannuna.

Muna cikin maganar sai ga Yaya ya shigo, makullin na rataye a wuyansa kamar laya.

"Na ji ka tun daga zaure," ya ce. "Faɗa mata sauran mana. Faɗa mata kuɗin da ya saya mini buhu huɗu na takin zamani bara, bana ko biyu bai kai ba. Masarar nan ita kaɗai ce abin da zan iya ɗagawa in kai kasuwa. In ban sa wa gona taki ba, baɗi me za ka niƙa wa kajin? Ƙasa?"

"Baɗi!" in ji Auta. "Kaza ta san baɗi, Yaya? Kaza yau ta sani. Ka hana ta ci kwana biyu, ta hana ka ƙwai wata guda. Ita ba ta jin ba ni haƙuri."

"To ba ni kashin kajin da ka tara, in bar maka buhu ɗaya."

Auta ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. "Ikon Allah! Bara ina bin ka ina roƙo ka kwashe shi kyauta, ka ce kai ba mai kwasar kashi ba ne, warinsa har masallaci yake raka ka. Yau kashi ya zama ɗan gata? Ai ka makara. Mai Lambu ya kama buhu ashirin, Asabar ta sama zai zo ɗauka. Da shi zan sayo wa kajin abinci, tunda yayana ya sa mini kwaɗo."

"Ka ji shi ko, Inna? Kashi ma sai ya sayar wa bare."

"Kai masarar dangi za ka sayar wa?"

Na miƙe na yarfe hannuna. "Ku ishe ni haka. Gemu-gemu da ku kuna cacar baki a kan abin da kaza ta ci da abin da ta kasayar. Ku ji tsoron Allah, 'ya'yanku na jin ku."

Suka rabu ba sulhu. Washegari Yaya ya ɗora buhu huɗu a mota ya kai kasuwa, ya bar biyu na bakinmu. Ya dawo da takin zamani buhu ɗaya da rabi, ya kai gonar nesa duka, don can ne abincin shekara yake. Ban ga laifinsa ba. Auta ya koma sayen abincin kaji a kasuwa, yana rage musu awo kullum. Shi ma ban ga laifinsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai, daga ranar suka daina cin abinci a faranti ɗaya. Matar Yaya ta zuba biyu, wannan ya juya gabas, wancan ya juya yamma.

To ita gonar bayan gida fa? Kunya arba'in ce kacal, amma ita ce ke riƙe mu a tsakiyar damina, lokacin da ɗakin ajiya ya zama fayau, ta nesa kuma ba ta nuna ba. Masara mai saurin nuna muke sa mata. Buhu biyun da ya rage, na auna da ido na sake aunawa, ba zai kai mu kaka ba. In gonar nan ba ta yi ba, akwai wata guda cur da ban san me zan ɗora a wuta ba, ga jikoki biyar.

Kullum in na leƙa ta kan katanga sai in ga abin takaici. Shukar ta kai rabin ƙwauri ta tsaya, ganyen ya yi ɗorawa kamar mai ciwon shawara. Yunwa take ji, ko makaho ya shafa ya sani. Ga abincinta nan jibge a buhu ashirin ƙarƙashin rumfar Auta, taku talatin tsakani, girman kai ya hana a ba ta.

Sai na yi shawara da zuciyata. Ni fa tun da Auta ya fara kiwon nan, ni ke share masa ƙarƙashin keji kowace safiya. Ba ya sa ni, ni ce ba na iya ganin ƙazanta in wuce. In na share sai in tura a baro in juye a kan tarin da yake yi can gefe. Shi kuma ya rufe da ɓuntun shinkafa, bayan kwana biyu ya juya da shebur, haka har wata uku kafin ya ɗura a buhu. Ni a ganina duk wannan juye-juyen don wari ya fita ne, buhu kuma ya yi sauƙin ɗauka. Har cewa nake a raina yaron nan wauta yake yi, yana barin rana tana shanye ƙarfin abu.

Buhunan Mai Lambu ba zan taɓa ba. An yi alkawari a kansu, haƙƙin wani ne, ba zan je gaban Allah da kashin kaji a wuyana ba. Amma abin da na share da tsintsiyata, da bayana, da sassafe, wannan ai ko malami ba zai ce na yi sata ba. Kuma sabo ne fil, ƙarfinsa bai je ko'ina ba.

Ranar Litinin na idar da sallar asuba, na jira ƙarar babur ɗin Yaya ta yi nisa, Auta ya fita kai ƙwai shaguna. Na share, na cika baro, na bi ta ƙofar baya. Yadda na ga babansu yana sa takin zamani shekara da shekaru, haka na yi: a tona ɗan rami a gindin shuka, a zuba, a mayar da ƙasa. Sai dai shi da murfin kwalba yake aunawa. Ni na ce wannan ai ba na kanti ba ne, na gida ne, mai sanyi, irin na shanu da na saba da shi a gidanmu. Sai na riƙa cika tafin hannu, ina danna shi jikin karan sosai don kada ya ɓace a banza. Kowace shuka da bisimillarta.

Kunya bakwai na yi ran nan. Na dawo bayana kamar zai rabe biyu, amma zuciyata fes.

Matar Yaya ta tare ni a bakin madafa tana toshe hanci da gefen mayafi. "Inna, wannan sabon turaren fa? A ina ake sayar da shi, in kauce wa shagon?"

"Na tsofaffi ne," na ce, "in kin kai shekaruna a ba ki. Miƙo mini sabulu."

Talata na yi bakwai, Laraba na yi takwas. Kunya ashirin da biyu ke nan. Da yammar Laraba Auta ya tsaya gaban tarinsa yana sosa ƙeya.

"Inna, kin ga ikon Allah? Tsadar nan har kashin kaji ta taɓa. Tunda na rage musu awo, tarin nan ya daina motsi."

Na ce, "Abin da ya shiga ai shi ke fita." Na wuce da sauri kada dariya ta tona ni. A raina ina cewa bari dai masara ta yi kore shar, in kira su biyun in nuna musu abin da tsohuwa ta yi da tsintsiya.

Ranar Alhamis ban fita ba, bayan ya ƙi. Ruwa kuma tun Lahadi ya ɗauke, rana ta buɗe kamar da gayya. Da la'asar na lallaɓa na leƙa ta katanga. Kunyoyin da na fara yi, ganyensu ya nannaɗe, bakin-bakinsa ya yi ja kamar an gifta da wuta. Na ce ƙishi ne. Na ja guga shida na kai musu da kaina, na dawo na yi alwala na roƙi Allah ruwa.

Juma'a Yaya ba ya zuwa gonar nesa. Da hantsi ya zagaya bayan gida. Ina zaune ina tsince wake na ji ya banko ƙofar baya. Ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya nufi rumfar kaji da shuka uku a hannu, saiwarsu baƙa ƙirin. Ya watsa su a gaban Auta.

"Shinshina."

Auta ya ɗauka ya kai hanci, ya dubi saiwar, ya dubi yayansa.

"Fiye da rabin gonar," in ji Yaya. "Na tona gindi goma, duk abu ɗaya. A gidan nan wa ke da kaji? Wa ya san abin da ɗanyensa ke yi wa shuka? Na hana ka masara, shi ne ka ce bari kowa ya rasa? 'Ya'yana fa za su ci, Auta. Uwarka za ta ci."

"Ni? Yaya, ni kake faɗa wa haka?"

"To aljani ne?"

Ina zaune riƙe da faifan wake. Wallahi sai da Shaiɗan ya raɗa mini in yi shiru, ai ba wanda ya gan ni. Ban taɓa jin nauyin harshena irin na ran nan ba.

Auta ya jefar da shukar. "Ka yi tunani mana! Abin da nake sayarwa zan kwasa in zubar don in ɓata maka? Kuma wane marar hankali ne zai danna ɗanyen kashin kaji a gindin masara, a cikin wannan rana? Ai wuta ce! Ko jaki ya san..."

"Marar hankalin ga ta nan zaune," na ce. "Ita ta haife ka."

Na ajiye faifan na taso, don ba a faɗin irin wannan magana a zaune. Na faɗa musu komai, tun daga tsintsiya har cikin tafin hannu, har kunya ashirin da biyu. Ban rage ba, ban yi wa kaina ado ba.

Auta ya dafe kai. "Inna... Inna, ki yafe mini bakina. Ban san..."

"Bakinka bai yi ƙarya ba. Faɗa mini abin da ban sani ba dai."

Ya faɗa mini a hankali, kamar mai tsoron kada in fashe. Wai na kajin keji ba kamar na shanu ba ne, zafi gare shi. Wata ukun nan da yake juya shi da ɓuntu, ba wari yake kora ba, zafin yake kashewa. In ya huce ya yi baƙi kamar ƙasa, shi ne abincin shuka. Ɗanye kuwa, in ya taɓa saiwa babu ruwan sama, ya gama da ita.

"Shekara bakwai ina share maka," na ce, "ko sau ɗaya ba ka faɗa mini ba."

"Ba ki tambaya ba, Inna."

"Ai ban san akwai abin tambaya a kashi ba."

Yaya ya zauna a kan bokitin da aka kife, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na fi son ya yi mini faɗa, amma ɗa ba ya yi wa uwa faɗa, sai ya haɗiye. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Da na karɓa bara da kake ba ni, da na san yadda ake yi da shi." Ban sani ba ko da Auta yake ko da ƙasa. Ya tashi ya yi shirin masallaci. Kowa ya tafi ta hanyarsa.

Asabar da hantsi Mai Lambu ya iso da amalanke da shanunsa biyu. Dattijo ne mai barkwanci, tun zamanin babansu muke gaisawa. Kafin ya fara lodi na ce ya zo ya duba mini wani abu. Na kai shi bayan gida. Yaya na can tsaye a tsakiyar gonar, Auta ya biyo mu daga nesa.

Mai Lambu ya tsuguna ya tona, ya murza ƙasar a yatsa. "Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ce."

"Kai, Hajiya! Hannunki da albarka, har ta yi yawa." Ya ga ban yi dariya ba, ya gyara murya. "Kada ki damu kanki, ni ma na taɓa ƙona albasa fage guda da shi, ina saurayi. Kowa da ranar da kaza ta koya masa karatu."

"Za ta tashi?"

"Waɗannan kam sai haƙuri. In ruwa ya sauka biyu masu kyau, ƙasar za ta huce, a sake shuka, har ta fi ko'ina kyau. Amma ba za ta nuna da wuri ba, sai dai ta tarar da ta nesa." Ya miƙe ya nufi kunya goma sha takwas ɗin da bayana ya hana ni kaiwa. Ya ja ganye ɗaya mai ruwan ɗorawa ya sake shi. "Waɗannan su ne abin dubawa. Lafiyarsu ƙalau, yunwa ce kawai. In suka samu abinci cikin satin nan, za su riƙe gida. In aka wuce satin nan, ko an ba su daga baya, kara za ku girba."

"Na zamani babu," in ji Yaya. "Na zuba shi duka a can. Masarar sayarwa ma babu."

Mai Lambu ya dubi Yaya, ya dubi Auta, ya dubi rumfar da buhunan suke. Mutum ne mai hankali. Ya ce, "Bari in je in ba shanuna ruwa. Ni dai abin da mai kaya ya ce, shi ke nan. In an ba ni in ɗauka, in an hana ni ba zan yi fushi ba, akwai wani mai kaji a gaba." Ya bar mu.

Auta ya juya ya koma rumfarsa, na bi shi. Ya shiga ɗan ɗakin da yake ajiye abincin kaji, ya tsaya. Ban taɓa leƙa ɗakin nan da idon lissafi ba sai ran nan. Buhu ɗaya ne a jingine, shi ma an ci wuyansa.

"Na kwana nawa ne?" na tambaye shi.

"Uku. In na ƙara matse su, huɗu." Ya shafa buhun. "Kuɗin ƙwai ba ya rufewa yanzu, Inna. Abin da Mai Lambu zai ba ni shi ne cikon na sati biyu. In suka yi kwana biyu ba ci, ƙwai ya tsaya. In ƙwai ya tsaya, sai dai in kira masu yanka su kwashe su a araha. Shekara bakwai ina tara su."

"Na sani."

"Ba ƙeta ba ce. Wallahi ba ƙeta ba ce."

"Na sani, Auta."

Inuwa ta rufe ƙofar. Yaya ne, ya tsaya daga waje bai shigo ba. Makullin nan ba ya wuyansa, yana hannunsa, yana ta juya shi. Na san shi tun yana cikin zani, roƙo ba ya fita a bakinsa, ballantana wurin ƙaninsa, ballantana jiya-jiya ya kira shi maƙetaci. Daga waje muna jin Mai Lambu yana yi wa shanunsa magana, ƙarfen amalanke yana ƙara.

Ni na ƙona, ni ya kamata in roƙa. Na gyara mayafina, na matsa kusa da shi yadda ba sai na ɗaga murya ba.

"Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka fara kiwon nan, ko ƙwai ɗaya. Ba ni da tunkiyar da zan sayar in mayar maka, ka sani. Ba kuma zan ce maka kajin ba za su wahala ba, don ban iya ƙarya ba. Amma jikokina biyar ne, Auta, biyu naka ne. Ka dubi Allah, ka dubi furfurata, ka je ka ba dattijon nan haƙuri. Ka bar wa masarar nan buhunan."